Taron da Ba a Ƙirga Ba: Daga Fagen Dambe Zuwa Filin Karkanda

A ƙauyukan ƙasar Kusada da Kankiya, irin su Kaikai, fagen wasa ba shi da katanga. In kaka ta yi, an yanke gero an kai dawa rumbu, sai a ji kalangu ya tashi da la'asar a bayan gari, a wata gona da aka gama girbewa. Yara ne ke fara isa, su zazzauna a ƙasa. Samari su tsaya a bayansu, dattawa su nemi gindin bishiya, masu ƙosai da gyaɗa da rake su kewaye ta waje. Mutanen da suka zo kallo su ne katangar, su ne kuma ke yanke girman fagen. In sun yi yawa da'ira ta buɗe, in sun yi kaɗan ta tsuke. Washegari in ka tambayi wanda ya je ko mutum nawa aka yi, amsar ɗaya ce: ai ba masaka tsinke.

Da wannan mudu kakanninmu suka auna taro, kuma ya ishe su. Ba a biyan kowa albashi daga kuɗin ƙofa, ba kuma wata ƙofa da za a yi turmutsitsi a bakinta. Ɗan kallo da hannunsa yake sallamar wanda ya burge shi, ya liƙa wa ɗan dambe, ya ba makaɗi. Dambe kansa na mahauta ne tun asali, gadonsa ake yi. Ko da ya shiga birane aka yi masa gidaje masu shinge da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, kamar na Kano da na Dei-Dei a Abuja, rabuwarsa ta tsaya a kan ɓangarori: Kudu, Arewa, Guramada. Mutum na iya ƙare rayuwarsa yana bayan ɓangare ɗaya, ya san kowane ɗan wasa da ubangidansa, ya ba da labarin karon Shago da Ɗandunawa kamar a gabansa aka yi, ya haddace abin da Ɗan Anace ya faɗa a kai. Amma sunansa ba ya cikin littafin kowa. Goyon baya ne na zuciya da baki da aljihu, wanda ba ya barin shaida a takarda.

Ƙungiyar wasa mai littafin sunaye da kuɗin shiga da shugabanni, da zuwan Turawa muka san ta, kuma a Katsina ta saman al'umma ta shigo. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya ga ƙwallon doki, wato folo, a tafiyarsa ta Ingila, ya dawo ya kafa wasan a Katsina a farkon shekarun 1920. 'Ya'yansa da fadawansa suka karɓa, har ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya yi mulki zuwa 1981, ya zama gwanin da ake misali da shi a faɗin ƙasar nan. A daidai wannan zamani aka buɗe Kwalejin Katsina, inda ɗalibai suka koyi ƙwallon ƙafa da kurket da wasan nan na doka ƙwallo da tafi a jikin bango. To amma kulob ɗin folo na masu dawaki ne. Talaka ya zo ya tsaya a gefen fili ya yi kallo ya yi shewa, rana ta faɗi ya koma gida. Tun daga nan abubuwa biyu suka raba hanya a wurinmu: masu rajista kaɗan ne kuma manya, masu taro kuwa dubbai ne ba a san sunansu ba.

A wata ƙasa, a kusan wannan zamani, talakawa sun bi wata hanya dabam, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. A arewacin Ingila akwai garuruwan masaƙu da ma'adinan kwal inda leburori ke buga ƙwallon zari-ruga ranar Asabar. Asabar kuwa ranar aiki ce, wanda ya bar masaƙa ya tafi wasa an yanke masa ladan yini. Ƙungiyoyin suka ce za su biya 'yan wasansu abin da suka rasa daga kuɗin da 'yan kallo suka biya a ƙofa. Hukumar wasan, wadda masu hali na kudancin ƙasar suka fi rinjaye a cikinta, ta ce haramun ne a karɓi kuɗi a kan wasa. Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, su 22 suka fara sabuwar gasa. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane gefe, don wasa ya ƙara sauri, ɗan kallo ya ga abin da ya biya kuɗi dominsa. Wannan shi ne zari-ruga na lig. A 1908 ya samu gindin zama a Sidni ta Ostareliya, can ma a unguwannin ma'aikata. Wasan da aka haifa a kan rigimar kuɗin ƙofa dole ya iya ƙirga. Kowane mutum da ya wuce ƙofa abincin ɗan wasa ne, saboda haka ake rubuta adadin kowane wasa, a buga shi a jarida tare da yawan ci.

Abin da ya sa ke nan har yau ake iya faɗar abin da ya faru ranar Laraba 5 ga Mayu 1954 a filin Odsal na birnin Bradford. Warrington da Halifax sun yi kunnen doki 4 da 4 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Wembley, aka ce a sake a Odsal, wani wawakeken rami da a da juji ne kafin a mai da shi fili a 1934. Mutane suka taso daga aiki suka yi ta kwarara, hanyoyi suka cushe, wasu suka karya shinge. Adadin da aka rubuta shi ne 102,569. Waɗanda suka halarta sun yi ta cewa ainihin taron ya doshi 120,000. Warrington ta ci 8 da 4. Abin lura a nan, ko da ƙirga ta gagara, an riƙe adadi biyu: wanda aka tabbatar a ƙofa, da wanda aka ƙiyasta. Ba a cakuɗa su ba.

Shekara ɗaya kafin wannan, a 1953, 'yan ƙwallon ƙafa na Kano suka je Legas suka doke Dynamos 2 da 1 suka ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama kofin ƙalubale na Najeriya. Su ne na farko da suka fitar da kofin daga Legas tun da aka fara shi a 1945. Ƙwallon ƙafa ya riga ya sauko daga makarantu da barikoki da ma'aikatar jirgin ƙasa ya shiga unguwanni, ya kama zukatan yara har a ƙauye, inda ake ɗaure tsumma a buga da ƙafa ba takalmi. Gwamnatin Jihar Arewa ta ga haka ta gina babban fili a Kaduna, wanda ke ɗauke da sunan Sardauna Ahmadu Bello, aka fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 1960. Daga nan muka shiga zamanin siminti, zamanin da fili ke da iyakar abin da zai ɗauka, ko mutane sun so ko sun ƙi.

Shekarun 1970 na ƙungiyoyin attajirai ne da na kamfanoni. Mighty Jets ta Jos ta ci gasar lig ta farko a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978, kuma a shekarar ne Pele ya zo Kaduna tare da Fluminense ta Brazil suka kara da ita, aka sa masa babbar riga da hula, hoton na nan har yau. Daga baya Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988. Dattawan da suka ga wannan zamani suna ba da labarin filaye da ke cika tun da hantsi, mutane a kan katanga da rassan bishiya. Na yarda da su, domin ba mutum ɗaya ne ya faɗa ba. Sai dai duk waɗannan ƙungiyoyi sun rayu ne a kan aljihun mutum ɗaya ko ofis ɗaya. Ranar da aljihun ya gaji, dubban da ke cika fili ba su da wata hanya ta tallafe ta, don ba a taɓa neman su shiga da komai ba sai ihu. Raccah Rovers, zakarar Najeriya, ta ɓace daga fage cikin 'yan shekaru.

Rashin ƙirga yana da wata fuskar mai muni. A watan Agusta 1979, bayan wasan Bendel Insurance da IICC Shooting Stars a babban filin Surulere na Legas, aka kashe fitilu mutane na ƙoƙarin fita, aka yi turereniya a ƙofa, mutum 24 suka rasu. Ranar 9 ga Mayu 2001 a Akara, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin rumfa alhali ƙofofi na rufe, rayuka 126 suka salwanta. Turawan ma sun ɗanɗana: gobarar filin Bradford City a 1985 ta ci mutum 56, turmutsitsin Hillsborough a 1989 ya zama ajalin 97. Bayan waɗannan ne hukumomin Ingila suka tsaurara, kowane fili aka yanke masa adadin da ba zai wuce ba, gwargwadon faɗin ƙofofinsa da saurin da mutane za su iya fita. Odsal da ya taɓa haɗiye mutum dubu ɗari, yau abin da aka yarje masa kusan rubu'in haka ne kawai. Ramin bai tsuke ba, darajar ran ɗan kallo ce ta ƙaru a lissafi.

Mu dawo gida. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna. Sabuwar jiha tana son duk abin da jiha ke da shi, har da babban filin wasa. A farkon shekarun 1990, zamanin gwamnan soja John Madaki, aka fara ginin filin Karkanda. Aikin ya tsaya. Shekara kusan ashirin ginin yana zaune a rana da damina, gwamnoni na zuwa suna wucewa. Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne, a daidai shekarun da ginin ke kwance ne Katsina ta yi ƙungiyar da ba ta sake yin kamarta ba. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997. Shooting Stars ta doke ta a na farko, Julius Berger a na biyu, Eagle Cement a na uku. Kofin bai zo ba, amma zuwa wasan ƙarshe sau uku ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da ba ta daɗe da kafuwa ba. A ƙauyuka ta rediyo ake bin ta, a taru a gindin mai shayi a kasa kunne. Da a lokacin an buɗe littafi an ce duk mai son ƙungiyar nan ya kawo abin da ya sawwaƙa a rubuta sunansa, na tabbata da an cika littattafai daga Jibiya har Funtuwa. Ba a buɗe ba. Ƙungiyar ta faɗa ƙananan rukunai, har sunanta ya koma Spotlights na tsawon shekaru.

A Kano kuwa, a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, aka haɗe WRECA da Golden Stars da ƙungiyar Bankin Arewa aka samar da Kano Pillars a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Filin Ƙofar Mata, mai sunan Sani Abacha, ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin ƙasashen Afirka a 2000, lokacin da Kano da Legas da Akara da Kumasi suka raba ɗaukar baƙi, sannan na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Adadin da aka fi ambata masa shi ne kujeru 16,000, a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da miliyan tara. A wannan fili 'yan Pillars, wato Masu Gida, suka kafa abin da ba kasafai ake gani ba. Sun ci gasar firimiya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 sun fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan 1 da 1 a Kano da 2 da 2 a Alƙahira, suka je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare su. Daga 2003 zuwa 2015 ba wanda ya ci su a gida a wasan lig, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon. Kowa a harkar ƙwallon Najeriya ya san babu inda ake cika fili kamar Kano. Amma in an zo faɗar adadi, sai ka ji lamba a dunƙule, dubu goma, dubu goma sha biyar, dubu ashirin, irin lambar da ido ke bayarwa. Wani ya shiga da tikiti, wani da sanayya, wani ta katanga, wani ya jira a buɗe ƙofa bayan hutun rabin lokaci. Ba masaka tsinke ɗin nan dai ce ta sa rigar boko.

A shekarun da Pillars ke tasowa, wani abu ya faru a Sidni da ya kamata duk mai son ƙungiyarsa ya sani. Wasan ƙarshe na zari-ruga na 1999 ya tara mutum 107,999 a filin da aka gina domin Olamfik, adadin da ya zarce na Odsal. Bayan 'yan makonni masu gasar, waɗanda kuɗin talbijin ya shiga tsakaninsu, suka rage ƙungiyoyi zuwa 14, suka jefar da South Sydney, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan a 1908, ƙungiyar unguwar talakawa ta Redfern. Ba gwamnan da za a kai wa kuka. Abin da ƙungiyar ke da shi 'ya'yanta ne masu kati, da tsohon ɗan wasanta George Piggins a kan kujerar shugabanci. Suka tara kuɗi suka shiga kotu. A watan Nuwamba 2000 kimanin mutum 80,000 suka fito titi. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, a 2002 suka dawo gasa. Da talauci ya ci gaba da damun ƙungiyar, a 2006 aka kira taron 'yan ƙungiya aka kaɗa ƙuri'a a kan sayar da kashi 75 cikin ɗari ga ɗan fim Russell Crowe da abokin kasuwancinsa, sauran kashi 25 ya zauna a hannun masu kati. A 2014 ta ci kofin da rabonta da shi tun 1971, tana da 'yan ƙungiya masu biyan kuɗin shekara sama da 30,000. Kati ba maganin kowace cuta ba ne. Bradford Bulls, mai gidan Odsal, wadda ta yi zamaninta a farkon shekarun 2000, bashi ya rushe ta a Janairu 2017, sai sabuwa aka kafa a kan sunan. Amma ko a nan, waɗanda suka sake tayar da ita sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, don akwai sunaye a rubuce.

Shi wannan wasa bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba. Kano na da tsohuwar ƙungiyar Barewa, amma ta zari-ruga mai mutum 15 ce. Na mutum 13 sai a 2019 ya ɗan yi motsi, da Najeriya ta karɓi Ghana da Kamaru da Maroko a Legas ta ci gasar. Ba ina kiran a kawo shi Kankiya ba ne. Tsarin da ya rayar da shi nake nuni da shi, domin mutanen da suka gina shi leburori ne masu lissafin kwabo, ba su fi manomin Kusada ƙarfi ba a zamaninsu.

Kafin a gama Karkanda, wani sabon fili ya riga ya buɗe a kowane gari: gidan kallo. Rumfar kwano ko ta zana, benci, janareta, faranti a kan rufi, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. Tun da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, sannan tauraron ɗan'adam ya yi araha, zukatan samari suka yi hijira zuwa Landan da Manchester da Madrid. A nan ne kaɗai na ga ana ƙirga ɗan kallo ɗaya bayan ɗaya a ƙasarmu, don mai gidan kallo ya san man janareta da kuɗin wata na tasha daga ƙofar nan za su fito. Ya san ranar da ya yi mutum arba'in da ranar da ya yi ɗari biyu. Yaron da ke rantsuwa da Barcelona ko Real Madrid a kan bencin nan, da wuya ya san cewa ƙungiyoyin biyu mallakar 'ya'yansu ne masu kati, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'a.

A 2013, zamanin Gwamna Ibrahim Shema, aka kammala filin Karkanda, aka ce yana ɗaukar mutum 35,000, wato ya ninka na Ƙofar Mata. A 2016 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa masa sunan Muhammadu Dikko, ƙungiyar jiha ta koma sunanta na asali, ta kuma hau gasar firimiya a kakar 2017. Fili ne da Bakatsine zai nuna wa baƙo ba tare da jin kunya ba. In aka raba kujerunsa ga ƙananan hukumomi 34 na jihar, kowace za ta tashi da dubu ɗaya da 'yan kai. In aka auna da mutum miliyan 5.8 na ƙidayar 2006, kujera ɗaya ce ga kusan mutum 166. Wato ba mutane aka rasa ba. Duk da haka a yawancin ranakun wasa rumfuna da dama a sarari suke, sai in Pillars ce ta zo ko wata babbar baƙuwa. Filin ya kuma zama masaukin waɗanda gida ya gagara. El-Kanemi Warriors ta yi zaman gudun hijira a Kano da Katsina lokacin da rikicin Boko Haram ya hana wasa a Maiduguri. Pillars ma ta sha yin wasannin gida a nan.

A 2019 Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti, shekara 66 bayan na 1953. Sai annobar korona ta zo a 2020, aka tsayar da gasa, filin Ƙofar Mata ya koma wurin killace marasa lafiya, aka dawo wasa ba 'yan kallo. A ƙasashen da ƙungiya ke rayuwa da ƙofa, wannan shekara ta girgiza kowa, har wasu 'yan ƙungiya suka bar kuɗin tikitinsu na shekara ba su karɓa ba don kada ƙungiyar ta durƙushe. A nan kusan ba abin da ya canza a asusun ƙungiyoyin, domin daga baitulmalin jiha albashi ke fitowa, ko fili ya cika ko ba kowa. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna matsayin ɗan kallo a ƙwallonmu ba.

Ranar da Pillars ta dawo gida a watan Afrilu 2022, bayan dogon zama a Kaduna, Katsina United ce baƙuwarta. Wasan bai ƙare lafiya ba. Wasu suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zabge mata maki uku, ta tura ta Abuja. A ƙarshen kakar Kano da Katsina duka suka faɗi daga firimiya, suka dawo tare a 2023. A Oktoba 2025 aka sake irin wannan a Ƙofar Mata bayan wasa da Shooting Stars, aka sake zabge maki, aka turo Pillars Katsina, a lokacin Ahmed Musa na riƙe da ragamar gudanar da ita. A duk irin wannan hukunci, dubban da suka zauna lafiya a kujerunsu su ke biyan laifin 'yan tsiraru, saboda ba yadda za a yi a ware mai laifi daga taron da ba a san sunan kowa a cikinsa ba. Inda akwai kati, mutum ɗaya ake karɓe wa nasa a hana shi shiga. Inda babu, gari guda ake rufe wa ƙofa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa wasan gargajiya ma yana karɓar tsari. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, suke gasar kokawa ta neman takobi, aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko. Kowace jiha an gina mata fage, kowace na tura tawagar da aka tantace daga ƙauyuka zuwa sama. Can ma gwamnati ce uwa da uba, amma ɗan kokawar ƙauye ya san matakalar da zai taka. A ƙwallon Najeriya kuma Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta daga ƙaramin garin Ikenne, ta ci firimiya a 2025, abin da ya nuna ana iya yi ba da baitulmali ba, ko da yake ita ma a kan mutum ɗaya ta jingina.

Rubuta suna da biyan kuɗin wata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matan Kaikai na yin adashe, uwar adashe ta san zubin kowa. Direbobin tashar Kankiya na da ƙungiya da kati da kuɗin lodi. Mahauta, 'yan tireda, masu kabu-kabu, ƙungiyoyin ci gaban gari, kowa na da sakatare da ma'aji da littafi. Har ƙananan kulob na unguwa, yaran da kansu suke karo-karo su sayi riguna da ƙwallo su biya motar zuwa wasa a Ingawa ko Charanci. Babbar ƙungiyar jiha ce kaɗai aka bari ba ta da 'ya'ya, sai ma'aikata da 'yan kallo.

Kirana ga masu riƙe da Katsina United abu biyu ne, kuma ba wanda ke bukatar sabon gini. A ƙirga duk wanda ya shiga filin Muhammadu Dikko, mai tikiti da mai alfarma, a faɗi adadin a lasifika kafin a tashi, a ba 'yan jarida, ko da dubu biyu ne. Sannan a buɗe littafin 'yan ƙungiya a kowace ƙaramar hukuma, da kuɗin shekara da manomi zai iya biya bayan kaka, da kati mai ba shi rangwame a ƙofa da ƙuri'a a taron shekara, da kujera ko biyu a hukumar gudanarwa wadda ba gwamna ne ke naɗawa ba. In za a gwada, a fara da Kankiya da Kusada. Muna kan hanyar Kano zuwa Katsina, motar zuwa kallo ba ta yi mana wuya, kuma akwai samari a Kaikai da za su zo da kuɗinsu a hannu ranar da aka buɗe littafin.